Ranar da Kwamfutar Mai Hoto Ta Ƙi Tashi

Akwai wani mutum a Sae Sabuwa mai suna Muttaka, amma duk garin Mai Hoto ake ce masa. Shagonsa yana bakin kasuwa, ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofar kwano, da shuɗin ƙyalle a jikin bango inda mutane ke tsayawa a ɗauke su.

A da, ba a yin biki ko suna a yankin ba tare da an kira shi ba. Masu neman katin ɗan ƙasa wurinsa suke zuwa, haka ƴan lakol idan jarrabawa ta matso. Duk hoton da ya ɗauka sai ya zuba shi cikin wata babbar kwamfutar tebur da ya sayo a Maraɗi tun yana da ƙarfinsa.

Sai wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai hoton kansa. Aiki ya yi ta raguwa har ya kusa ƙarewa.

Ana cikin haka matarsa Mansura ta kwanta ciwo. Muttaka ya yi ta sayen magani a gida yana cewa za ta ji sauƙi. Da jiki ya yi tsanani ya kai ta asibiti, amma kwana ya ƙare.

A wurin zaman makoki, ƙanenta Abdulrahaman, wanda ke gyaran waya da kwamfuta a Tibiri, ya dube shi a gaban mutane ya ce, "Da ka kai ta da wuri, da yanzu tana nan."

Tun daga ranar Muttaka bai ƙara yi masa magana ba. A hankali ya janye daga sauran mutane ma. Ya daina zama a majalisa bayan la'asar, in an gama salla shi ne na farkon fita daga masallaci. Ƴarsu ɗaya tilo, Sakina, tana aure a Agadas, sai dai gaisuwa ta waya jifa-jifa.

Kwamfutar kuwa ya lulluɓe ta da tsohon bargo. Dalili shi ne, duk lokacin da ta tashi, hoton Mansura ne ke fara fitowa a kan allo, shi kuma ba ya jin zai iya kallonsa.

Duk da haka kullum da safe sai ya buɗe shago. Ya share, ya ɗora shayi, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon amalanke da moto suna wucewa. In ya gaji ya rufe, ya koma gidan da babu mai yi masa sannu da zuwa.

Wata ranar kasuwa, wata tsohuwa Bafillatana ta tsaya a ƙofar shagon. Ta sauke ƙwaryar nononta, ta yi sallama.

"Kai ne mai hoto?"

"Ni ne, Inna. Amma na daina aikin."

"Sunana Nana. Rugarmu tana can yamma, bayan gonaki. Ba ɗauka na zo a yi mani ba. Hoton autana nike nema, Jibrilla. Ya ce mani a nan ya yi hoton kati kahin ya tahi Libiya."

"Yaushe ke nan?"

"An daɗe. Shekarar da shanu suka yi ta mutuwa da bazara."

Muttaka ya girgiza kai. "Inna, mutanen da na ɗauka ba su ƙirguwa. Kuma na'urar ta daɗe a ajiye. In ya dawo sai a ɗauke shi sabo."

Tsohuwar ta kalli ƙasa.

"Ba ya dawowa. Bara wani abokin tahiyarsa ya zo ya hwaɗa mana. Ya rasu can, can aka binne shi."

"Allah ya jiƙansa," in ji Muttaka a hankali.

"Amin. Abin da ya kawo ni, Malam, na soma manta huskarsa. Muryarsa ina ji har yau. Tahiyarsa ma ina gani, yadda yake rataya sanda a wuya. Amma in na ce bari in ga huska, sai ta ƙi zuwa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya a ruga."

Muttaka ya waiwaya ya kalli bargon da ke kan tebur. Shi yana da fuskar da yake gudun gani, ga wata tana neman fuskar da ta ɓace mata. Daga baya ya miƙe ya ce, "Shigo ki zauna, Inna. Bari mu gani."

Ya yaye bargon, ya kakkaɓe. Ya jona waya da batirin sola da ke kusurwar ɗakin, ya yi bismilla ya danna maɓalli.

Fankar cikin akwatin ta juya kaɗan, ta tsaya. Allo bai nuna komai ba.

Ya sake dannawa. Haka ta ƙara yi.

Ya duba batir, akwai wuta, don ga ƙwan ɗakin yana ci. Ya cire wayar wuta ya mayar da kyau. Ya bi wayar da ta haɗa allo da akwati, ya ɗaure ta tamau. Ya canza wurin jonawa. Duk a banza.

"Ta mutu ne?" Nana ta tambaya.

"Ban sani ba tukuna."

Ya ɗauko sukundireba ya kwance murfin akwatin. Ciki cike yake da datti da yanar gizo, har zanzaro ya yi ginin laka a wata kusurwa. Ya ɓamɓare ginin a hankali, ya share da ɗan buroshi, ya hura. Sannan ya zare wasu ƴan siraran faranti biyu da masu gyara ke kira ram, ya goge bakinsu da magogin fensir yadda ya taɓa gani ana yi, ya mayar.

Ya danna. Fanka ta juya, ta tsaya.

Har aka kira azahar yana fama. Gumi ya jiƙa masa riga. Nana tana zaune a kan benci, ba ta ce masa ya yi sauri ba, ba ta kuma tashi ba. Nonon da ta kawo sayarwa yana nan a rufe da faifai, kasuwa tana ta ci ba tare da ita ba.

A ƙarshe ya ajiye sukundireba.

"Inna, abin ya fi ƙarfina."

Ta gyaɗa kai kamar dama ta san haka za a yi. Ta miƙe, ta ɗora ƙwarya a ka.

"Ba komi, Malam. Ka yi ƙoƙari. Wataƙila Allah bai nufa in sake ganinsa ba sai can."

Ta fita. Muttaka ya bi ta da kallo, tana tafiya ita kaɗai a gefen hanya, mutane suna gittawa ba wanda ya san abin da ke ranta. Kafin ta sha kwana sai ya ji kansa yana ƙwala mata kira.

"Inna Nana. Ki dawo kasuwa mai zuwa."

Da ya koma ciki ya zauna yana kallon akwatin a buɗe. Ya san mutum ɗaya ne a kusa da zai iya wannan gyara. Kuma shi ne mutumin da ya yi alkawari a ransa ba zai ƙara taka ƙofarsa ba.

Ya yi tunanin ya wuce Tibiri ya kai ta Maraɗi. Amma a can bai san kowa ba, kuma ya sha jin labarin masu gyara da ke goge komai su zuba sabo don aiki ya yi sauri. In aka goge, Jibrilla ya tafi ke nan, Mansura ma ta tafi, da duk mutanen garin da ke ciki.

Ya yi kwanaki yana juya maganar. Sau biyu yana fito da moto, wato babur ɗinsa, ya mayar. Ana jibi kasuwa, da sassafe, ya naɗe akwatin da bargon, ya ɗaure shi da roba a bayan moto, ya kama hanyar Tibiri yana tafiya a hankali saboda yashi da ramuka.

Abdulrahaman yana sunkuye a kan wata waya lokacin da ya ji sallama. Da ya ɗaga kai ya ga wanda ke tsaye, sai ya miƙe da sauri har kujerarsa ta faɗi.

"Yaya Muttaka."

"Gyara na kawo," in ji Muttaka, bai kalle shi ba. "Ta ƙi tashi. Kuma kada a goge komi."

Abdulrahaman ya karɓi akwatin da hannu biyu, ya ture kayan da ke kan tebur ya ɗora shi. Ya ba masu jiran waya haƙuri ya ce su dawo da yamma.

"Mi take yi in an danna?"

"Fanka ta juya, ta tsaya."

"Tana ƙara?"

"Ba ta komi."

Abdulrahaman ya jona ta da allon shagonsa ya gwada, ya ga haka ne. Ya kai hanci kusa da wani ɗan akwatin ƙarfe da ke ciki ya shaƙa.

"Wannan shi ke raba wuta ga sauran kayan. Ina jin ya ƙone. Bari mu gwada da wani."

Ya ciro irinsa daga wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur, ya jona. Da ya danna, fanka ta juya ta ci gaba da juyawa. Amma sai na'urar ta fara wani kuka mai tsawo, tana yi tana maimaitawa.

"Ta lalace ke nan?" Muttaka ya tambaya.

"A'a, Yaya. Gara da ta yi kuka. Tana gaya mana inda ke mata ciwo."

Ya kashe, ya zare farantan ram ɗin biyu, ya mayar da ɗaya kaɗai. Kuka ya ci gaba. Ya cire shi ya sa ɗayan. Sai ta yi ƴar ƙara guda, fararen rubutu suka bayyana a kan baƙin allo.

"Ɗayan ne ya mutu. Za ta iya aiki da wannan kaɗai, sai dai a hankali. Kuma ta manta kwanan wata, ƴar pil ɗinta ta ƙare."

Ya ɓalle wani ɗan batir mai faɗin maɓallin riga, ya sa sabo, ya gyara kwanan wata. Suka jira. Sai wani rubutu ya fito ya tsaya cak. Abdulrahaman ya ƙura masa ido.

"Mi ta ce?"

"Ta ce ba ta ga faifan ajiya ba. Shi ne inda hotunan suke."

Muttaka ya jawo benci ya zauna. A lokacin ne ya gane cewa ba don Nana kaɗai ya yi wannan tafiya ba. Shekarun nan yana gudun hoton matarsa, amma hankalinsa a kwance yake cewa tana nan ƙarƙashin bargo duk ranar da ya shirya. Bai taɓa kawo wa ransa cewa zai iya nema ya rasa ba.

Abdulrahaman ya kara kunne a jikin faifan.

"Yana juyawa. Bai mutu ba."

Ya zare wata ƴar jar waya da ta haɗa faifan da sauran kayan, ya ɗaga ta ga haske. Bakinta ya yi tsatsa. Ya nemo sabuwa a cikin gwangwani ya jona, ya ce, "Yaya, kai za ka danna."

Muttaka ya miƙa yatsa ya danna.

Ta ɗauki lokaci tana tashi. Allo ya yi baƙi, ya yi shuɗi, sannan ya washe.

Ga Mansura zaune a tsakar gida tana tankaɗen garin gero, ta ɗaga hannu ɗaya tana kare fuska don kada a ɗauke ta, gari ya yi mata fari a goshi.

A waje wani yana tallar ruwan sanyi.

Abdulrahaman ne ya fara share ido da hannun riga.

"Haka take yi tun muna yara in an ce za a ɗauke ta," ya ce. "Yaya, maganar da na hwaɗa ranar nan."

"Gaskiya ka hwaɗa. Ba ranar da ban maimaita wa kaina ita ba."

"Ban san ko gaskiya ba ce. Allah kaɗai ya san kwanan kowa. Abin da na sani shi ne raina ne ya ɓaci, na rasa wanda zan ɗora wa sai kai. Na zo har Sae Sabuwa don in ba ka haƙuri, na hango ka zaune a ƙofar shago, kunya ta hana ni ƙarasawa. Ka yafe mani."

Muttaka bai ɗauke ido daga allon ba.

"Na yafe, Abdu. Allah ya yafe mana duka."

Abdulrahaman bai bar shi ya tafi ba sai da ya kwafe hotunan gaba ɗaya a wani faifan daban, ya ce tsohon ya gaji, zai iya tsayawa kowane lokaci. Aikin ya ɗauki sa'o'i. Da rana matarsa Hamdiya ta aiko da dambu da zogale, suka sa hannu a kwano ɗaya. Muttaka ya lura cewa ya manta rabon da ya ci abinci tare da wani.

Ranar kasuwa, tun kafin ya gama shara Nana ta iso. Da ta ga allon a kunne sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa.

"Ta tashi, Inna. Amma hotunan ba su da suna. Sai kin zauna mun duba tare."

Ya jawo mata benci kusa da tebur. Ya nemo shekarar da yake zaton ita ce, ya fara buɗe hotunan kati ɗaya bayan ɗaya. Fuskoki suka yi ta wucewa a gaban shuɗin ƙyalle, tsofaffi da samari, masu hula da masu rawani.

Nana tana kallo ba ta ƙiftawa. Wani lokaci ta ce, "Wannan Dikko ne, maƙwabcinmu, shi ma ya rasu." Wani lokaci ta ce, "Wannan ta yi aure a Gangara." Amma Jibrilla bai fito ba.

Suka gama shekarar, babu. Muttaka ya koma wadda ke gabanta, babu. Rana ta take.

"Ko na wuce shi ban gane ba?" Nana ta ce da ƙaramar murya. "Ko ya hito ban san shi ba ne?"

"Ba ki wuce shi ba, Inna. Akwai saura."

Ya buɗe shekarar da ke biye. Bai yi nisa ba ta kama masa hannu.

Wani saurayi ne siriri, dogon wuya, da ƴar tsaga a kumatu. Ya ƙame a gaban ƙyalle, ya haɗe fuska, idanunsa a buɗe kamar wanda jandarma ya tsayar.

"Shi ne," ta ce. Ta daɗe tana kallo. "Shi ne. Amma kamar ba shi ba."

Muttaka ya danna na gaba, don yawanci yakan ɗauki mutum fiye da sau ɗaya. Sai ga wani hoton da ya lalace a wurin aikin kati. Saurayin ya kasa riƙe dariya, kansa ya karkata, haƙoransa duk a waje, hannu ɗaya ya taso zai rufe baki.

Nana ta saki hannun Muttaka. Ta matsa har goshinta ya kusa taɓa allo, ta ɗora yatsunta a kan fuskar. Ta yi ta magana da Fillanci a hankali, hawaye yana bin kumatunta. Muttaka bai ji abin da take faɗa ba. Ya tashi ya fita bakin ƙofa ya bar ta da ɗanta.

Da ya dawo ya tambaye ta wanne za a wanke mata.

"Wancan na hukuma ne," ta ce. "Wannan ne nawa."

Injin wanke hotonsa ya daɗe da bushewa, don haka washegari ya sake komawa Tibiri. Abdulrahaman ya raka shi inda aka wanke hoton babba, aka rufe shi da leda mai kauri saboda ruwa da rana. Muttaka bai jira ranar kasuwa ba. Ya tambayi hanya, ya kai mata har ruga.

Labarin ya bazu. Bayan ƴan kwanaki wani dattijo ya zo neman hoton matarsa. Sannan wata mata ta zo neman na mahaifinta. Wasu sukan samu, wasu ba sa samu, amma kowa sai ya zauna a bencin nan ya ba da labarin mutumin da ya rasa, Muttaka yana saurare yana zuba musu shayi. Ranar Juma'a kuma Abdulrahaman yakan zo da moto, wai ya zo duba lafiyar kwamfuta.

Har yanzu Muttaka shi kaɗai yake komawa gida da yamma, kuma gidan shiru yake kamar da. Sai dai yanzu da safe in ya fito, yakan tarar da wani yana jiransa a ƙofar shago.

Darasi: Fushi da girman kai ba sa dawo da wanda muka rasa, sai dai su raba mu da waɗanda suka rage mana. Muttaka ya sauke nasa ne don ya share hawayen wata baiwar Allah da bai sani ba, sai Allah ya sauƙaƙa masa nasa kaɗaicin ta wannan hanya. In akwai ɗan'uwan da ka daina yi wa magana, kada ka jira sai wata larura ta kai ka ƙofarsa, ka neme shi tun kuna da rai ku biyun. Ku tura wa ƴan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila a cikinsu akwai mai zaune shi kaɗai yana jiran wanda zai fara yi masa sallama.